Ka tashi daga doguwar jinya ka tarar an maye gurbinka: kurakuran da ke sa haƙƙin ma'aikaci ya salwanta

Jama'a wanga rubutu na daɗe ina son yin shi, tun lokacin da ƙanena ya tashi daga jinyar tarin fuka. Wata shida cur yana shan magani nan Gusau, ya rame har sai da muka kai wa tela wandunanshi ya rage, ranar da likita ya ce ya warke ya shirya da sassafe ya tahi wurin aikinshi na sito a wani kamfani, ya tarar da wani zaune bisa kujerarshi da makullai a hannu. Da ya dawo gida sai ya ce mani, "Yaya, ai dai gwamnati za ta riƙa ba ni wani abu kafin in samu wani aikin ko?" Wallahi sai da na ji ƙwalla.

To a nan kuskure na farko yake. Najeriya ba ta da tsarin biyan wanda ya rasa aiki kuɗi a kai a kai irin na Ingila ko Amurka, kuma ko can ɗin sharaɗin shi ne ka iya aiki kana kuma neman aikin. Don haka duk link ɗin da aka turo maka a WhatsApp wai cike fom na tallafin marasa aiki, kawo BVN kawo lambar katin ATM, ka goge shi kawai. Amma akwai haƙƙoƙin da doka ta ba ma'aikaci, matsalar ita ce dukkansu da takarda ake karɓarsu, mu kuma ba mu aje takarda.

Babban abin da ya cuci ƙanena shi ne shiru. Da ya kwanta waya kawai ya buga wa manaja, manaja ya ce Allah ya sawwaƙe ka huta har ka ji sauƙi, shi ke nan, mu duk muka ɗauka magana ta ƙare. Ba wasiƙa, ba takardar asibiti, ba komi. Ranar da ya koma aka ce ai a fayil ɗinshi an rubuta ya gudu daga aiki ne. Dokar ƙwadago ta ba ƙananan ma'aikata kwana 12 na aiki a shekara da za a biya su in sun yi rashin lafiya, amma sai da shaidar likita mai rajista, ta mai kemis ko mai maganin gargajiya ba ta shiga. Abin da ya wuce kwana 12 kuma sai abin da ke cikin takardar ɗaukarka aiki, shi ya sa nake cewa ka nemo ta ka karanta tun kana da lafiya. Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ba a kwantar a asibiti ba kwana 42 gare shi cikin wata 12, in ya zarce sai ya bayyana gaban kwamitin likitoci. Gyaran abu ne mai sauƙi: ko kana kwance ka sa ɗan'uwanka ya kai wasiƙa da rahoton likita, kwafi biyu, a buga hatimi da kwanan wata bisa ɗaya ya dawo maka da ita, kuma duk wata a sabunta. In ka warke ka karɓi takardar da ta ce ka iya komawa aiki, daga asibitin tarayya na FMC Gusau ne ko asibitin Yariman Bakura ko dai asibitin da ya yi jinyarka.

Sai kuma waɗanda ake lallashi su rubuta takardar aje aiki da hannunsu wai don a rabu lahiya. Kada ka yi gaggawar sa hannu. In su ne ba su son ka su rubuta maka takardar sallama, domin doka ta ce wanda ya yi shekara 5 ko fiye sai an ba shi notis na wata ɗaya, wanda ya yi shekara 2 zuwa 5 mako biyu, ko a biya shi kuɗin kwanakin. In ka rubuta da kanka, to ka yahe musu wannan.

Abin da ya fi kama da tallafin rashin aiki a ƙasar nan yana cikin asusun fanshonka, kuma mutane da yawa ba su ma san da shi ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce wanda bai kai shekara 50 ba, ya rabu da aiki, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya cire har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunshi, sauran ya jira har ya kai 50. Kuskuren da ake yi a nan, wani ya ruga ofishin kamfanin fansho sati biyu da sallama a dawo da shi, wani ya je ba takardar sallama, wani kuma sunan da ke NIN ɗinshi daban da na asusun fansho, ranar haihuwa ma daban, sai a yi ta yawo. Mafi ciwo shi ne ka je ka tarar ana cire maka kashi 8 daga albashi, kamfani ya kamata ya ƙara kashi 10, amma an yi watanni ba a zuba ko sisi ba. Ka nemi bayanin asusunka tun yanzu, in ka ga giɓi ka kai ƙorafi PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa, a rubuce. Wannan na mai asusun fansho na ƙashin kanshi ne, ma'aikacin jiha ko ƙaramar hukuma dokar fanshon jiha ce ke aiki a kanshi, can zai fara tambaya. Ni dai shawarata in kana da wata madafa kada ka taɓa kuɗin, na tsufanka ne, amma mai iyali da ya wuce wata huɗu ba albashi ga bashin magani ba ni da bakin hana shi.

Wanda kuma likitoci suka yi wa ritaya saboda rashin lafiya kada ya ɗauka ƙofa ta rufe, doka ta ba shi damar neman a sake duba shi sau ɗaya duk shekara biyu, in an tabbatar ya warke ya samu aiki sai ya koma tsarin fanshon.

In ciwon a wurin aiki ka samo shi, ƙurar injin casar shinkafa ce ta taɓa maka huhu ko inji ya ji maka rauni, wannan maganar NSITF ce, hukumar da ke biyan ma'aikata diyya, ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010. Ka sanar da wanda ya ɗauke ka aiki cikin kwana 14, neman diyya kuma cikin shekara ɗaya. Ba daga albashinka ake cirewa ba, kamfani ke zuba kashi 1 na jimlar albashin da yake biya.

Mu dai da muka ga abin ya ƙi, mun tattara katin asibiti da takardun karɓar magani na wata shidan nan, muka samu lauya ya rubuta musu cewa in ba a gyara ba za mu tahi kotun ma'aikata ta ƙasa a Sakkwato. Ba su maida shi aiki ba, amma sun cire maganar gudu daga fayil, suka ba shi takardar sallama da kuɗin notis, da ita ya je ofishin fansho bayan wata huɗu sun cika.