Yadda zaka shirya akori-kura kafin doguwar tafiya

Masu Hilux da Ranger da D-Max ai mun san halinku, mutum sai ya wuni yana wanke mota yana goge fitila amma bai taɓa leƙa safaya ba. To ita a ƙarƙashin bodi take rataye, ka sauke ta tun a gida kaga ko sarƙar ta yi tsatsa, kar sai taya ta fashe cikin dare ka fara laluben ƙarfen kwancewa.

Iskar taya da safe ake aunawa kafin mota ta yi zafi, adadin yana jikin sitikar ƙofar direba. Duba baƙin mai, ruwan lagireto da man birki. In dizal ce a tsiyaye ruwan da ya taru a filtar man dizal ɗin.

Wajen lodi ne mutane ke kwafsawa wallahi. Kaya masu nauyi ka tura su can gaba kusa da kan motar, in suka zauna bayan tayoyin baya gaban zai yi sakayau sitiyari ya daina jin magana, sannan ka ɗaure tamau, in ka ɗan taɓa tafiya ka tsaya ka sake ja don dole sai igiya ta saki. In kuma baya babu komai, bi kwana a hankali lokacin ruwan sama, zamewa yake.

Kar ka saka 4H, wato giyar da ke sa duka tayoyi huɗu su ja motar, a busasshiyar kwalta, yana takura giya. Duk awa biyu ka tsaya ka miƙe ƙafa, ka zagaya motar ka duba tayoyi.