Kurakuran da masu tara lambobin yaƙi ke yi wajen gane jabu

Yawancin waɗanda aka sayar wa lambar yabo ta jabu, daɗin baki ne ya ci su. Dillali ya ce wani tsohon soja ne ya dawo da ita daga fagen fama, sai jiki ya yi sanyi a miƙa kuɗi, ba a ko juya ƙarfen an duba ba.

To, ka juya shi. Lambobin Birtaniya na ainihi bugawa ake yi da hatimin ƙarfe, irin yadda ake buga sulalla, shi ya sa rubutunsu da zanen kan sarki ke fitowa tsaf. Maƙerin jabu kuwa galibi zubi yake yi. Idan ka sa madubin ƙara girma za ka ga 'yan ramuka a fuskar lambar, da wani siririn layi a gefe inda mazubin ya haɗu. Narkakken ƙarfe yana tsukewa idan ya huce, don haka ta zubi takan ɗan gaza. British War Medal ta Yaƙin Duniya na Ɗaya galibi azurfa ce, faɗinta milimita 36; ka auna kafin ka taya.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne wajen suna. Mutane na ɗauka duk lambar da ke da suna ta gaske ce, marar suna kuma jabu. Ba haka abin yake ba. Na yaƙin farko an buga musu suna da lambar aikin sojan da rundunarsa. Amma lambobi masu siffar tauraro na Yaƙin Duniya na Biyu, irin su Burma Star, Birtaniya ta raba su ne ba suna, ko da yake Ostareliya da Indiya da Afirka ta Kudu sun sa wa nasu. Akwai kuma ha'incin da ya fi wannan: lambar ta gaske ce, sai a goge sunan kurtu a rubuta na wani jarumi don ta yi tsada. Dubi gefen da kyau; inda aka goge yakan fi sauran sirancewa. Sannan ka bi sunan zuwa katunan lambobi da ke ma'ajiyar tarihi ta Kew a Landan, ko jaridar London Gazette idan lambar jarumta ce.

Masu neman Iron Cross ta Jamus ta 1939 sun dogara da maganaɗisu fiye da kima. Gaskiya ne yawancin na ainihi guda uku aka haɗa, da baƙin ƙarfe a tsakiya wanda maganaɗisu ke kamawa, amma masu jabu ma sun san haka. Wadda aka zuba dunƙule guda, ka ajiye musu abarsu.

Tsatsa da duhun ƙarfe ba shaidar tsufa ba ne, ana iya sa su da sinadari cikin dare ɗaya. Shi ma ƙyallen da ake rataya lambar kada ya ruɗe ka, don sojoji da iyalansu sun sha canza shi idan ya koɗe.

Idan kuwa aka kawo maka Victoria Cross, babbar lambar jarumta ta Birtaniya, da arha, ka tuna tun 1856 kamfanin Hancocks na Landan ke yin ta, kuma duk wanda aka ba sunansa na rubuce. Ka fara tambayar inda ta wannan mutumin take a yanzu.