Wiskin da aka ƙarasa a gangar giyar inabi: inda masu aikin kanta suke tuntuɓe

Kowace shekara idan Disamba ta kama, baƙi daga Amurka da Ingila suka cika Akra, otal-otal na Osu da Labone da Cantonments sukan ɗebi sababbin ma'aikata. Da yawansu yaranmu ne na Nima da Mamobi da Sabon Zango, wasu kuma 'yan Bawku ne ko Bolga da Hausa ta haɗa mu. Na daɗe a bayan kantar sayar da giya ina koya wa irinsu aiki. Galibinsu ba sa sha, ni kuma ban taɓa ce wa kowa ya ɗanɗana ba. Maganar halas da haram na bar wa malamai da zuciyar kowa. Sai dai duk wanda ya tsaya a wurin nan, tambaya za ta same shi, kuma wadda ta fi kayar da su ita ce ta kwalaben wiskin da aka rubuta wa "sherry cask finish" ko "port wood" a jiki, wato an ƙarasa shi a gangar giyar inabi ta sheri ko ta Porto.

Wani dare a otal ɗin da na taɓa aiki, wani dattijon Bature ya ɗaga kwalba ya tambayi ɗaya daga cikin yarana ma'anar rubutun. Yaron ya gyara tsayuwa ya ce, "Yallaɓai, an ɗan gauraya shi da giyar inabi ne don ya yi zaƙi." Dattijon ya yi murmushi, ya ajiye kwalbar, ya nemi ruwan sanyi. Bayan ya tashi na ja yaron gefe na ce, "Ƙanena, yau ka sayar da ƙarya ba ka sani ba."

Ba a zuba giyar inabi a ciki. A Sikotland doka ta hana: wiskinsu sai ya kwana aƙalla shekara 3 a gangar itacen oak, kuma ban da ruwa da ɗan kalar sukarin da aka ƙona, ba a ƙara masa komai. Lokacin da ya fito daga tukunyar tacewa fari ne tas kamar akpeteshie. Ganga ce take ba shi launi da yawancin ƙamshinsa. Abin da ake nufi da ƙarasawa shi ne, bayan ya yi shekarunsa goma ko sha biyu a gangar farko, wadda yawanci tsohuwar gangar bourbon ce, wato wiskin Amurka, sai a juye shi cikin wata gangar da giyar inabi ta taɓa zama a ciki, ya yi 'yan watanni ko shekara ɗaya zuwa biyu. Duk wanda ya taɓa ɗebo ruwa da galan ɗin Kufuor da aka ƙare mai a cikinsa ya san yadda abin yake. Ka wanke shi sau uku, ruwan sai ya ɗauko warin man. Katako kuwa ya fi roba riƙe abu nesa ba kusa ba, domin yana shanye lita da dama na abin da aka zuba masa, daga baya ya riƙa sakinsa a hankali. Amsar da ta kamata yaron ya bayar gajera ce: "Yallaɓai, ya yi yawancin shekarunsa a gangar bourbon, aka ƙarasa shi a gangar da sheri ya zauna."

Dabarar ma ba tsohuwa ba ce sosai. David Stewart na kamfanin Balvenie ya fara gwada ta a farkon shekarun 1980, a 1993 suka fitar da DoubleWood mai shekara 12, wanda har yau yana kan kantoci. Glenmorangie ma sun yi suna da ita tun shekarun 1990.

Kuskuren da ya fi yawa, kuma ya fi jawo baƙo ya maido da kofi, shi ne a ɗauka gangar giyar inabi duk ɗaya ce, duk zaƙi take kawowa. Ko sheri kansa, wanda ake yi a yankin Jerez da ke kudancin Sifaniya, iri-iri ne. Oloroso ba shi da zaƙi; abin da yake bar wa wiski ƙamshi ne irin na soyayyar gyaɗa da busasshen ɓawon lemo da zabibi. Pedro Ximénez kuwa, wanda ake taƙaitawa PX a jikin kwalba, inabinsa shanya shi ake yi a rana har ya yanƙwane kafin a matse, don haka kauri gare shi da zaƙi kamar ruwan dabino. Baƙon da ya ce yana son mai zaƙi ka miƙa masa oloroso, ka ɓata masa dare. Wanda ya ce ba ya son zaƙi ka ba shi PX, haka nan. Giyar Porto ta kwarin Douro a Fotugal tana kawo ƙamshin jajayen 'ya'yan itace da cakulan, wani lokaci har ta bar wa wiskin ɗan ja-ja kamar an ɗiga masa zoɓo. Sauternes ta yankin Bordeaux a Faransa zuma-zuma ce da lemo, ba ta da nauyi. Jar giyar inabi ta gama-gari ita ce mai wuyar sha'ani: idan aka dace ta ba da ƙamshi mai daɗi, idan ba a dace ba ta bar bauri a harshe irin na ɗanyen goro.

Hanyar da nake koya wa yara wannan ita ce in jera musu Glenmorangie guda uku: Lasanta na sheri, Quinta Ruban na Porto, Nectar d'Or na Sauternes. Gida ɗaya, tukunya ɗaya, gangar ƙarshe ce ta raba su. Wanda ba ya sha ba sai ya kai baki ba. Kofin da baƙo ya gama da shi, ka bar shi minti kaɗan ka sunsuna. Zafin giyar ya tafi, ƙamshin ganga ne ya rage. Amma kada ka tura hanci can cikin cikakken kofi, abin da ƙarfin giyarsa ya kai kashi 40 cikin 100 zai ƙona maka hanci, ka kasa jin komai na ɗan lokaci.

Tunda an zo maganar hanci, bari in faɗa wa 'yan'uwana 'yan zango gaskiya. Mun iya turare, ba wanda ya kai mu. Amma turaren Juma'a ba na bayan kanta ba ne. Mutum ya biya kuɗi mai yawa yana neman ƙamshin zabibi a kofinsa, abin da yake ji almiski ne daga hannun rigarka.

Akwai kuma mantawa da itacen kansa, a riƙa maganar giyar da ta zauna a ciki kawai. Oak na Amurka yana ba da ƙamshin banila da kwakwa. Na Turai ya fi bauri, ya fi duhun launi, yana kawo abin da ya yi kama da kanumfari da kirfa. Ganguna biyu duk na oloroso, ɗaya da itacen Amurka ɗaya da na Turai, wiskinsu ba zai zo ɗaya ba. Girma ma yana da tasiri. Gangar bourbon wajen lita 200 take ci, ta Bordeaux 225, babbar gangar sheri wajen 500. Ƙaramar ganga ta fi saurin aiki domin ruwan ya fi haɗuwa da katako. Gangar da aka fara zuba wa wiski bayan an juye giyar inabin ta fi ƙarfi, wadda aka maimaita sau biyu ko uku ta yi sanyi, kamar ganyen shayin da aka sake dafawa.

Kuma kada ka ce wa baƙo gangar ta yi shekara ɗari a rumbun sheri. A da can ana kai sheri Ingila a ganga, idan aka juye sai 'yan Sikotland su saye gangunan da araha. Tun shekarun 1980 aka koma ɗura sheri a kwalba a can Sifaniya, wannan hanya ta toshe. Yawancin gangunan yanzu ƙera su ake yi musamman saboda masu wiski, a zuba musu sheri na shekara ɗaya ko biyu, a juye, a tura. Ba laifi ba ne, amma baƙon da ya san harkar zai kama ka.

Sai launi. Nan ne masu saye ma suke faɗawa, ba masu hidima kaɗai ba. Mutum ya ga kwalba ta yi duhu kamar manja, ya ce lallai wannan ya tsufa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Wata shida a sabuwar gangar PX zai iya sa wiski mai shekara 5 ya fi mai shekara 18 duhu, kuma dokar Sikotland ta yarda a daidaita launi da ƙonannen sukari. Shekarun da aka rubuta a jiki su ne abin dubawa, kuma lambar tana nufin mafi ƙuruciyar wiskin da ke cikin kwalbar. Idan ba a rubuta ba, kada ka ƙirƙiro. Kada kuma ka ƙara masa shekarun da ya yi a kan kanta. Da zarar ya shiga kwalba, tsufa ta tsaya.

A ra'ayina, kuma na san wasu abokan aiki ba za su yarda ba, an fara wuce gona da iri a harkar nan. Ganga ta biyu kayan ƙamshi ce, ba ita ce miyar ba. Idan wiskin asali mai kyau ne, ƙarasawa tana ƙara masa armashi. Idan kuwa rarrauna ne, wasu sukan jefa shi gangar giya mai ƙarfi don a rufe aibinsa, kamar mai abincin da ta cika daddawa saboda naman ya kwana. Alamar ita ce ƙamshin ya buge ka da farko, amma masu sha su ce da an haɗiye sai zafi kawai ya rage. Tun 2019 da aka sassauta ƙa'idar ganguna a Sikotland, har aka ba da damar amfani da na tequila da makamantansu, sunaye sun ƙaru a jikin kwalabe, ba duka ne suka cancanci kuɗinsu ba. A bambanta kuma wanda aka ƙarasa da wanda ya yi dukan rayuwarsa a gangar sheri, irin yawancin na Glenfarclas. Na biyun ya fi zurfi, kuma baƙon da ya nemi shi ba zai gamsu da na farkon ba.

Abu biyu sukan sa a zargi kwalba da jabu alhali lafiyarta ƙalau. Na farko warin ashanar da aka ƙyasta, ko na roba. Masu giyar inabi sukan ƙona farar wuta a cikin gangar da babu komai don kada ta lalace a hanya, wani lokaci warin ya bi wiskin. Wasu hancinsu ba ya ma kama shi, wasu ba sa iya jure shi. Wanda ya yi ƙorafi, canza masa, kada ka yi gardama, amma kada ka zubar da kwalbar. Na biyu, wiskin ya yi hazo-hazo da an sa ƙanƙara. Wannan yakan faru da waɗanda ba a tace da sanyi ba, galibi masu kashi 46, kuma maiƙon da ke ɗauke da ɗanɗano ne ya bayyana. Mai neman gane jabu ya duba tambarin haraji na GRA, hukumar haraji ta Gana, da marfin da ba a taɓa ɓallewa ba, ya kuma tambayi kansa daga hannun wa aka sayo.

Ƙanƙara kuwa, na san zafin Akra, ba zan hana kowa ba. Amma cika kofi da ƙananan ƙanƙara yana kashe daidai abin da mutum ya biya kuɗi dominsa. Kawo wiskin shi kaɗai, ka ajiye ruwa kaɗan da babbar ƙanƙara guda a gefe, mai kofi ya zaɓa. Idan an nemi abin taɓawa, kelewele marar yaji sosai ko gyaɗa sun dace da na sheri. Tsire da aka tsoma a yaji, ko wani abu mai shito, ka bari sai an gama. Bayan su harshe ba ya bambanta Porto da Sauternes.

Ajiya ce ta ƙarshe da nake dubawa idan na shiga sabon wuri. Wasu saboda sun ga sunan giyar inabi a jiki sai su kwantar da kwalbar yadda ake kwantar da giyar inabi. A tsaye ake ajiye wiski, ƙarfinsa yana cinye toshiyar kwalba idan suka daɗe a haɗe. A nisanta shi da taga da fitilu masu zafi na bayan kanta, rana tana kashe launi da ƙamshi. Idan Janairu ta zo, baƙi sun watse, za ka tarar da kwalabe masu tsada da saura kwata a ciki. Iskar da ta cika sauran wurin tana cin ƙamshin a hankali. Irin waɗannan ka jawo su gaba a fara sayar da su, ko ka juye a ƙaramar kwalba mai marfi ƙam, ka rubuta suna da ranar da aka buɗe a jiki.