Kurakuran da 'yan Birtaniya suka fi yi in sun ƙaura ƙasar waje, da hanyar gyara su

Mun saba ɗaukar Birtaniya ƙasar da ake rububin shiga, har mukan manta cewa ita ma 'ya'yanta suna tattara nasu-ya-nasu su bar ta. Sama da mutum miliyan ɗaya haifaffun Birtaniya ne ke zaune a Ostiraliya. A Sifaniya akwai kusan 300,000 da aka san da zamansu, kuma sun fi yawa a lardunan Alikante da Malaga. Wasu aiki ne ya kai su, wasu tsadar gida ce ta kore su, da yawa kuma tsofaffi ne da suka yi ritaya suna neman inda rana ke fitowa. Zan fi tsayawa a kan Sifaniya, don a can ne matsalolin suka fi fitowa fili. Wannan bayani ya shafi duk mai riƙe da fasfon Birtaniya, har da 'yan uwanmu da suka zama 'yan ƙasa a can.

Kusan duk kurakuran daga tushe ɗaya suke. Mutum ya je hutun mako biyu a bakin teku, ya ji daɗi, sai ya ɗauka zama ma haka yake. Alhali ranar da ya sauke kayansa da niyyar zama ya tashi daga mai yawon buɗe ido ya koma baƙon haure ko baƙo mai takarda, gwargwadon abin da ya tanada. Baƙo kuwa makaho ne ko da idonsa.

Lissafin kwana 90

Kafin Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai ranar 31 ga Janairun 2020, ɗan ƙasar yana iya ɗaukar jakarsa ya tare a Faransa ko Sifaniya ba tare da biza ba. Wannan ya ƙare daga 1 ga Janairun 2021. Yanzu abin da yake da shi kwana 90 ne a cikin kowane kwana 180 a ɗaukacin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka ɗauke binciken iyaka a tsakaninsu.

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne zaton in mutum ya tsallaka Maroko ya yi kwana biyu ya dawo, lissafin ya koma farko. Ba haka ba ne. Kowace rana ana waiwaya baya ne a ƙirga kwana 180, a duba nawa ya yi a ciki. Kwanakin da ya yi a Faransa ko Italiya duk suna cikin ƙidayar. Mallakar gida a ƙasar ba ta ƙara masa ko da kwana ɗaya. Daga 12 ga Oktoban 2025 kuma aka fara sabon tsarin kan iyaka na ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu, wanda kwamfuta ce ke yin lissafin, ba jami'in da zai iya mantawa da buga hatimi ba.

Gyaran shi ne a nemi bizar zama tun ana gida, a ƙaramin ofishin jakadancin Sifaniya da ke Landan ko Mancesta ko Edinbara. Bizar da masu ritaya suka fi nema tana buƙatar shaidar samun yuro 28,800 a shekara, da inshorar lafiya, da takardar 'yan sanda mai nuna ba a taɓa kama mutum da laifi ba. Sharaɗinta shi ne ba a aiki da ita. Wanda zai ci gaba da yi wa kamfaninsa na Ingila aiki ta intanet, akwai tasa bizar daban da aka fito da ita a 2023. Hanyar samun izinin zama ta sayen gidan yuro 500,000 kuwa an rufe ta a watan Afrilun 2025.

Bayan an isa, sai a je ofishin magajin gari a shiga rajistar mazauna, wadda suke kira padrón. Mutane da yawa suna gudunta don tsoron haraji, kuma a ganina wannan cutar kai ce da cutar maƙwabta. Sai da ita ake sa yaro makaranta, ake samun likita a asibitin unguwa, ake karɓar katin zama na TIE. Da yawan sunayen da ke cikinta ake ware wa garin kasonsa na kuɗi. Garin da dubban baƙi suka ƙi yin rajista zai riƙa ɗaukar nauyinsu da kason da bai kai ba.

Fanshon da ke tsayawa cik

Wannan ne ya fi taɓa mini zuciya, domin tsofaffi yake kamawa, a lokacin da ba su da ƙarfin sake sabon shiri.

Gwamnatin Birtaniya tana biyan fanshonta a ko'ina mutum yake a duniya. Amma ƙarin da ake yi kowane Afrilu ba kowa ke samu ba. Mazauna ƙasashen Tarayyar Turai da Suwizalan da Amurka da Filifin da Jamaika da wasu 'yan ƙasashe masu yarjejeniya suna samu. Mazauna Ostiraliya da Kanada da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu ba sa samu. Adadin da aka fara biyan mutum a can, ko wanda yake karɓa ranar da ya bar gida, a kansa zai tsaya har ƙarshen rayuwarsa.

Ga yadda abin yake a aljihu. A shekarar 2000 cikakken fansho na asali fam 67.50 ne a mako. A Afrilun 2025 ya kai fam 176.45. Tsohon da ya koma Toronto ta Kanada a 2000 har yau fam 67.50 ɗin yake karɓa, abokin aikinsa da ya zauna a tsallaken iyaka cikin Amurka kuwa yana karɓar sabon adadi, alhali gudummawa iri ɗaya suka biya. Masu fansho sama da 400,000 ne ke cikin wannan hali. An kai ƙara har Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, wadda ta ba gwamnati gaskiya a 2010. Ni dai ina ganin rashin adalci ne, amma dokar kenan, kuma da ita za a yi shiri.

A nan maganar ta zo ƙofar gidanmu. Najeriya da Gana ba sa cikin ƙasashen da ake yi wa ƙarin. Duk wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana aiki a Ingila, yake shirin komawa Kano ko Kumasi ya huta, ya yi lissafinsa a kan kuɗin da ba zai ƙaru ba. Abin da ke ɗan rage zafi shi ne, in ya kai ziyara Birtaniya ya sanar da ofishin fansho, za a biya shi sabon adadi na makonnin da ya yi a can, in kuma ya koma da zama gaba ɗaya sai a mayar da shi kan adadin da ake yayi.

Masu ƙaura da sauran ƙarfinsu kuma sukan manta da gudummawar inshorar ƙasa, wato kuɗin da ma'aikaci ke biya don samun fanshon gwamnati. Cikakken sabon fansho yana buƙatar shekara 35 ta biya, wanda bai kai shekara 10 ba kuwa ba shi da komai. Akwai damar ci gaba da biya daga waje don cike gurbi, sai a bincika sharuɗɗan kafin a tashi.

Sai canjin kuɗi. Mai karɓar fam yana kashe yuro, rayuwarsa a hannun kasuwa take. A 2007 fam ɗaya yana sayen kusan yuro ɗaya da rabi. Zuwa ƙarshen 2008 sun kusa yin kai ɗaya. Cikin ƙasa da shekara biyu kusan kashi ɗaya cikin uku na abin hannun masu ritaya ya narke ba tare da sun taɓa shi ba. Wanda kasafinsa ba zai jure irin wannan faɗuwa ba, bai shirya ba tukuna.

Asibiti

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma babu inda wannan ya fi tabbata kamar hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS. Haƙƙin magani kyauta a can na mazauni ne, ba na mai fasfo ba. Wanda ya tare a Dubai ko Bankok, ya dawo don a yi masa tiyata, ana iya cajinsa ninki ɗaya da rabi na kuɗin aikin. Wasu kuma sukan dogara da katin inshorar lafiya na GHIC don samun magani a waje, alhali na matafiyi ne mai gajeriyar ziyara. Mai karɓar fanshon gwamnati da ke zaune a Tarayyar Turai takardar S1 zai nema ya yi rajistarta a inda yake, da ita Birtaniya ke biya masa kuɗin magani a asibitocin gwamnatin ƙasar.

Akwai abin da takarda ba ta magancewa. A asibitocin Sifaniya an saba dangi su zauna da mara lafiya, su taimaka masa da ci da wanka da juyi a gado, kamar dai yadda muka san mai jinya a wurinmu. Baturen da ya zo shi da matarsa kaɗai, 'ya'yansu suna Ingila, ranar da ɗayansu ya kwanta sai ɗayan ya ga babu mai karɓarsa ko na dare ɗaya. In kuma bai iya Sifaniyanci ba, ko bayanin inda ke masa ciwo sai an nemo tafinta. Haka mutuwa: a Ingila jana'iza kan ɗauki makonni, a Sifaniya kuwa kwana ɗaya zuwa biyu ake binnewa. Iyalai da yawa labarin yakan riske su ba su shirya ba. Ya kamata a rubuta abin da ake so a yi, a ajiye kuɗinsa, a sanar da 'ya'ya tun ana lafiya.

Sayen gida da zafi-zafi

Shawarata ɗaya ce: a yi haya shekara guda tukuna, a ga hunturu. Garin da ke cike da jama'a a watan Agusta yakan koma kufai a Janairu, rabin shaguna a rufe. Gidajen bakin tekun an gina su ne don zafi, ƙasansu tayil, babu na'urar ɗumama ɗaki irin ta Ingila, sai mutum ya ji sanyin cikin ɗaki ya fi wanda ya gudo wa.

In an tashi saye, a ɗauki lauya mai zaman kansa, ba wanda dillali ko mai gini ya kawo ba. A ciro bayanin gidan daga ofishin rajistar filaye, domin a can bashin harajin gida da na ƙungiyar masu gidaje yakan bi gidan zuwa hannun sabon mai shi. A tabbatar filin na gini ne, ba na noma ba. A kwarin Almanzora na lardin Almeriya an sayar wa baƙi dubban gidajen da aka gina ba bisa ƙa'ida ba, kuma a Janairun 2008 aka rushe gidan wasu ma'aurata 'yan Birtaniya a garin Vera duk da suna riƙe da izinin gini daga ƙaramar hukuma, saboda gwamnatin yankin Andalus ta ƙalubalanci izinin. A kuma ware kashi 10 zuwa 13 cikin ɗari a kan farashi don haraji da kuɗin rajista da na lauya.

Haraji ba ya son dogon bayani, yana son ƙwararre. Wanda ya wuce kwana 183 a shekara a Sifaniya ya zama mai biyan haraji a can, a kan duk abin da yake samu a duniya. Kadarar da ta haura yuro 50,000 a wajen Sifaniya dole ya bayyana ta a takardar da ake kira Modelo 720. Kashi ɗaya cikin huɗu na fanshon kamfani da ake cira ba haraji a Birtaniya, in aka cire shi bayan an zama mazaunin Sifaniya za a sare masa haraji, don haka lokacin cirewa abin dubawa ne. Lasin tuƙi kuma a canza shi zuwa na Sifaniya cikin wata shida na farko. Waɗanda suka yi sakaci sun kwashe daga Mayun 2022 zuwa Maris na 2023 ba su da ikon tuƙi, sai da ƙasashen biyu suka daidaita. Wasiyya ma a rubuta ta a can, a faɗa a ciki ƙarara in dokar Ingila ake so ta yi aiki a kan gadon, domin dokar Sifaniya da ta Faransa suna ware wa 'ya'ya kaso na tilas.

Harshe da hanyar komawa

A garuruwa irin su Benidom da Torebieha mutum yana iya shekara ashirin bai furta jimla ɗaya ta Sifaniyanci ba. Shagonsa na Turawan Ingila, mai gyaran famfonsa ɗan Ingila, jaridarsa ta Ingilishi. Zaman yana daɗi muddin ƙafa tana takawa. Amma abokan nan su ma baƙi ne, wannan ya koma gida, wancan ya rasu, sai a wayi gari maƙwabcin da ya rage shi ne ɗan garin da ba a taɓa gaisawa da shi ba. A fara koyon harshen tun kafin a tashi, a riƙa sayayya a kasuwar gari, a halarci bukukuwansu ko da ba a gane rabin abin da ake faɗa ba.

Inda harshe ɗaya ne ma kewa ba ta ƙyale mutum. Bayan yaƙin duniya na biyu Ostiraliya ta kwashi 'yan Birtaniya sama da miliyan ɗaya a kan kuɗin jirgi fam 10 kacal, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka koma gida, wasunsu kuma suka sake dawowa. Jika da aka haifa, ko uwa da ta kwanta ciwo, ya isa ya rushe shirin shekara goma, ga shi daga Sidni zuwa Landan tafiyar kusan awa 24 ce a jirgi.

Saboda haka kada a toshe hanyar komawa. Bayan rikicin tattalin arziki na 2008 farashin gidaje a Sifaniya ya faɗi da sama da kashi 30 cikin ɗari, waɗanda suka sayar da gidansu na Ingila suka zuba komai a can sai suka maƙale, ba mai saye, ba kuɗin komawa. Wasu bankunan Birtaniya sun rufe asusun mazauna Turai bayan ficewar ƙasar daga Tarayyar Turai, don haka a tambayi banki tun da wuri ko zai bar asusun a buɗe. Mai dawowa ba ya samun yawancin tallafin gwamnati sai ya nuna ya dawo da zama na gaske. Masu yara kuma su sani cewa jami'o'in Ingila sukan nemi shekara uku ta zama a ƙasar kafin su karɓi ɗalibi a kan kuɗin 'yan gida, don haka iyalin da ke Dubai ko Ostiraliya mai yaro ɗan shekara 14 yanzu ne lokacin yanke shawarar inda zai ƙare sakandare.