Yadda sabon direba zai ɗaure kaya a buɗaɗɗiyar tirela hankalinsa ya kwanta

Sabon direban da aka ba tirela marar bodi a gefe, tun daga tasha ake gane shi: ya ɗaure kaya ya zagaya, ya sake zagayawa, in ya hau hanya kuma idonsa ya fi zama a madubi fiye da kan kwalta. Wannan fargaba ba abin kunya ba ce, ƙanena. Wanda yake ba ni tsoro shi ne mai cewa "Maigida, ai siminti ne, nauyinsa kaɗai ya isa ya riƙe shi." Ranar da jaki ya faɗo maka a hanyar Badagishiri ka taka birki da ƙarfi, mota za ta tsaya, kaya kuwa gaba za su nufa, kai ne kuma zaune a gaban. Ƙa'idar ɗaurin kaya ta Turai ta ce ɗaurinka ya iya tare kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya ta gaba, kashi 50 ta gefe da baya. In ka ɗauko tan 30 na siminti, buhu 600 ke nan, tan 24 ne ke neman ƙeyarka.

Kafin a ɗora komai, sa yaron mota ya share bayan tas. Rairayi da baƙin mai su ke sa kaya zamewa, balle lokacin hunturu da ƙura ke kwanciya a ko'ina. In ƙarfe za ka ɗauka, shimfiɗa yankakkiyar tsohuwar taya a ƙarƙashi. Wajen masu faci ka samo ta, kusan kyauta.

Lokacin lodi kada ka tafi shan shayi. Ƴan dako sauri suke su gama su karɓi kuɗinsu, ba su za su bi hanya da kai ba. Layin farko ya jingina da allon gaba, ba tazara ko ta tafin hannu. In rabon nauyi ya tilasta ka ja kaya baya, cike gurbin da katako mai kauri. Buhuna a jera su ana sarƙe su kamar ginin bulo, a riƙa shigar da layin sama ciki. Ƙarfen gini da bututu, ni sarƙa nake sa musu, kuma sai na naɗe dami gaba ɗaya kafin in ja shi ƙasa, don na tsakiya ne ke fita in an taka birki.

Sai maɗauri, inda mafi yawan yaran da na koya wa aiki suke faɗuwa. Suna ganin 5000 a jikin tambari su ce tan biyar yake riƙewa, shida sun wadatar. Wannan lambar da ke gaban haruffan LC a tambarin ƙarfin da maɗaurin ke jurewa ce in an ninka shi ana jan kaya kai tsaye. In kuwa ka wurga shi ta saman kaya ka ɗame, abin da ke aiki shi ne lambar da ke gaban haruffan STF, wato dannawar da makullin ɗame maɗaurin ke iya yi, sau da yawa ba ta wuce kimanin kilo 300 zuwa 500 ba. Ka ga ke nan maɗauri shida ba su tare tan 24 ba. Allon gaba da rashin santsi su ke ɗaukar babban aikin, maɗauri yana taimaka musu ne. Yadda ya sauko ma abin dubawa ne. Wanda ya sauko a miƙe daga saman kaya zuwa gefen mota ya fi dannawa, wanda ya kwanta kuwa, kamar a kan gajerun kaya da ke tsakiyar mota, ƙarfinsa na iya raguwa da rabi. Irin wannan sai ka ƙara yawa, ko ka sa katako a sama ya ɗaga shi.

Duk inda maɗauri ya bi ta kaifi, sa guntun taya ko kwali. Wanda ya tsage a gefe ko aka ƙulla shi, jefar. Na san sabon maɗauri yana da tsada, amma bai kai kuɗin buhu goma da suka fashe a hanya ba. Ƙugiya a zoben ɗauri ko a jikin shasi, kada a siririn ƙarfen gefe. Ka murɗa maɗaurin sau ɗaya a gefe don kada iska ta yi ta kaɗa shi.

Kana tashi, kaya za su zauna, ɗauri ya saki. In daga Malbaza ka yi lodi, tsaya a Tsarnawa kafin ka karya zuwa Tawa, ka bi kowane maɗauri da hannu ka ƙara ɗamewa. Haka bayan ramuka, bayan birki mai ƙarfi, da duk tsayuwar salla. Albasar Galmi ta fi siminti zama, ita sai ka ƙara yawan tsayawa.

Tamfol a ƙarshe, bakin gaba a danne shi da kyau don iska kada ta shiga ƙarƙashi, kuma kada ka lissafa shi cikin ɗauri. Wajen saukewa, leƙa gefen kaya tukuna ka ga ko sun karkata, ka kori mutane daga wannan ɓangaren kafin ka saki makulli.