Yadda za ka zanta da ƙaninka da bai ci jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ba

Da farko, kada ka tare shi a tsakar gida gaban Inna da ƙanne. Bari sai bayan isha'i, ka ce ya raka ka wurin mai shayi.

Na biyu, ka bar maganar maki. Kowa ya san cikin 400 ake ƙirgawa, shi kuwa ya ga nasa a waya, ya kwana da shi. "Nawa ka samu?" da "Me ya hana ka karatu?" tambayoyin alƙali ne. Da ya ji su zai ce "ba komai", ya ja bakinsa. Gara ka ce: "Tun da sakamakon nan ya fito, yaya kake ji a ranka?"

Sai ka yi shiru. Nan ne mai wuya, ni ma nan nake kasawa. Ko ya daɗe yana juya cokali a kofi, kada ka sako nasiha.

In ya ce kwamfuta ce ta rikita shi, kar ka ce ai kowa da ita ya rubuta. Tambaye shi: "A wane darasi abin ya fara ƙwace maka?"

Kafin ku tashi, ka ce: "Kana so in raka ka wurin Baba, ko mu bari tukuna?"