Kurakuran da aka fi yi wajen amfani da kalmar "whisper" a Turanci

Yawancin waɗanda suka koyi Turanci a makaranta suna ɗauka sun gama da kalmar "whisper" tun ranar da malami ya ce ma'anarta raɗa, kuma malamin bai yi kuskure ba. Inda ake samun tangarɗa shi ne raɗa tana da nata ginin jimla a Hausa, kuma idan mutum ya ɗauko wannan ginin ya ɗora wa Turanci, sai magana ta karkace ko da mai sauraro ya fahimci abin da ake nufi.

Bahaushe yana cewa "ya raɗa mini", saboda haka sai a ji ɗalibi ya ce "he whispered me". Turanci ba ya yarda a kawo wanda aka yi wa raɗar kai tsaye bayan aikatau, sai an sa "to" a tsakani: "he whispered to me". Idan za a ambaci abin da aka raɗa, shi ne yake fara zuwa, kamar a "she whispered the answer to him", idan kuma kunne za a ambata sai a ce "in my ear". Haka nan idan kalmar ta zo a matsayin suna, ana yawan yar da ɗan harafin "a", domin Hausa ba ta da makamancinsa. Daidai shi ne "in a whisper", ko kuma "in whispers" idan mutane ne suke ta yi wa juna raɗa.

Kuskuren da ya fi wannan zurfi shi ne kiran duk wata magana ƙasa-ƙasa da sunan "whisper". Raɗa ta gaskiya magana ce da ake yi da iskar numfashi kawai, ba tare da tantanin maƙwallato ya yi karkarwa ba, kuma kowa yana iya gwada wannan da kansa: ya ɗora yatsa a maƙogwaro ya yi magana, zai ji motsi, idan ya koma raɗa sai motsin ya ɓace. Wanda ya sassauta murya amma har yanzu muryar tana fita, "murmur" yake yi. Yaron da aka aika kasuwa ya tafi yana gunaguni, "mutter" ce kalmarsa, wanda kuma yake magana ciki-ciki bai buɗe baki sosai ba, "mumble" za a ce. A ganina wannan bambancin ne ya fi amfani ga mai rubuta labari ko insha'i, domin wanda ya rubuta cewa bara "whispered" alhali gunaguni yake yi wa maigidansa, ya mayar da fushi ya zama sirri.

Ta fuskar furuci, matsalar tsohuwa ce: Hausa ba ta raba "p" da "f", shi ya sa ake jin "wisfa". Maganinta madubi, domin dole leɓɓa biyu su haɗu su rufe sarai kafin a sake su. Harafin "h" kuwa bai kamata ya dami kowa ba. A tsohon Turanci "hwisprian" ake rubuta kalmar, kuma har yau a Sikotilan da Ayalan da wasu sassan Amurka akwai masu fitar da wannan iskar a farkonta, amma yawancin mutanen Ingila "w" kaɗai suke furtawa, dukansu kuma karɓaɓɓu ne. Sai dai a kula kada a rikita ta da "whistle", wadda take nufin fito ko usur ɗin alƙalin wasa.

Akwai kuma wurin da harsunan biyu suka yi tarayya, amma masu fassara ba su cika lura ba. Kamar yadda Hausa ta samo raɗe-raɗi daga raɗa, haka Turanci yake amfani da "whispers" da ma'anar jita-jita. Idan jaridar Birtaniya ta ce akwai "whispers" a majalisa cewa wani minista zai sauka, ba wai an ga 'yan majalisa suna kai baki kunnen juna ba ne, raɗe-raɗi ne ke yawo. "Whispering campaign" kuwa shiri ne na ɓata sunan mutum ta hanyar baza maganganu a ɓoye, musamman a siyasa. Sai "stage whisper", wadda take kusan kishiyar raɗa, domin ta samo asali ne daga ɗan wasan kwaikwayo da yake yin kamar yana raɗa amma da ƙarfin da duk 'yan kallo za su ji, kuma yau ana faɗinta ga duk wanda ya yi raɗa da gangan don a jiyo shi.

Kalmar "whisperer" ita ma tana ruɗa mutane. Wanda ya saba da fassarar Alƙur'ani ta Turanci ya san ta a Suratun Nasi, inda masu fassara da yawa suka yi amfani da ita ga mai sanya waswasi, saboda haka yana iya ɗauka zagi ce ko'ina ta fito. A Turancin yau da kullum yabo ce, domin "horse whisperer" shi ne gwanin horar da doki cikin lallashi ba da bulala ba, kuma an faɗaɗa ta har ga mai iya rarrashin jarirai.

Wasan yara da ake raɗa magana daga kunne zuwa kunne har ta sauya kama, a Birtaniya an daɗe ana kiransa "Chinese whispers", kuma ana aron sunan don bayyana labarin da ya gurɓata wajen yawo a bakunan mutane. Mutane da yawa yanzu suna ganin sunan a matsayin raini ga Sinawa, don haka a rubutun ofis ko gaban baƙi ya fi dacewa a yi amfani da sunan da Amurkawa suke kiransa, wato "telephone".